Sharhi: Ƙarar da za a saurara a Banjul, a Mirriya ake fara rubuta ta

Duk motar da ta taso daga Difa za ta Damagaram sai ta ratsa Mirriya. Hanya ɗaya ce, babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta biyo ta Maine-Sorowa da Gure da Gidimuni kafin ta iso garin kukoki da garake da tukwane, kilomita kamar 20 gabas da birni. Mutanen Mirriya sun saba da abin da hanyar nan ke ɗaukowa daga gabas: buhunan jan tattasai na bakin Komadugu, kwalayen banda na tafkin Cadi, da dabbobi. Amma a watan Fabrairu na 2015, bayan harin da 'yan Boko Haram suka kai Boso da Difa ran 6 ga wata, sai lodin ya sauya kama. Motoci suka riƙa wucewa maƙare da mata da yara da tabarmi da kayan girki. Dubban mutane ne suka baro gidajensu suka nufo yamma, wasu suka sauka gidan dangi, wasu a tasha, wasu kuwa duk inda dare ya yi musu.

An haura shekara goma ke nan. Daga baya wutar ta kama a Tilaberi da Tawa da kudancin Maradi, har ya zamana a ƙarshen 2024 ƙididdigar hukumar HCR tana maganar wajen rabin miliyan na 'yan Nijar da ke gudun hijira a cikin ƙasarsu. Abin tambaya a nan shi ne, idan ɗaya daga cikinsu ya miƙe yau yana neman hakkinsa na gonar da ya bari, ko shanun da ya rasa, ko karatun ɗansa da ya katse, wace takarda zai nuna, wace ƙofa kuma zai ƙwanƙwasa?

Baƙo a ƙasar haihuwarsa

Dokokin duniya sun raba masu gudu gida biyu. Mutumin Damasak ko Malam Fatori da ya haye Komadugu ya shigo Nijar ya tsallaka iyaka, saboda haka yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 sun lulluɓe shi, akwai kuma hukumar da aka kafa musamman dominsa. Mutumin Boso da ya sauka Mirriya kuwa bai tsallaka komai ba, yana nan a hannun gwamnatinsa. A ido kamar shi ya fi gata, tunda yana gida. Sai dai idan gwamnatin ce ta kasa kare shi, ko ma ita ce da kanta ta tashe shi, kukansa ba shi da wurin zuwa sai wurin wanda yake kuka da shi.

Wannan giɓi ne ya sa a 1992 babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya ya naɗa Francis Deng, mutumin Sudan, wakili na musamman a kan wannan batu. A 1998 Deng ya gabatar da ƙa'idoji 30 na yadda ya kamata a riƙe irin waɗannan mutane. Ƙa'idojin nasiha ne, ba su ɗaure kowa ba. Afirka ce ta fara mayar da su alkawari mai ɗaurewa: ran 23 ga Oktoba 2009 shugabannin nahiyar suka amince da Yarjejeniyar Kampala, ta fara aiki ran 6 ga Disamba 2012, Nijar kuma ta tabbatar da ita a wannan shekara. Yarjejeniyar ta hana tashin mutane ba bisa ƙa'ida ba. Ta wajabta wa hukuma rubuta sunayensu da sake ba su takardun da suka ɓata a wajen gudu, ta yi maganar diyya, ta ce a tallafa wa masu masaukinsu, ta kuma bar wa mai gudu zaɓi uku: ya koma gida da yardarsa, ya zauna inda ya sauka, ko ya nemi wani wuri a cikin ƙasa. Ba ta tsaya ga yaƙi kaɗai ba, ta haɗa har da wanda ambaliya ko fari ko babban aikin gwamnati ya tasa.

Yadda kukan tsibirai ya zama doka

Idan ba a manta ba, ran 25 ga Afrilu 2015 aka kai mummunan hari tsibirin Karamga, aka kashe sojoji da farar hula masu yawa. Bayan haka hukuma ta ba mazauna tsibiran tafkin Cadi wa'adin 'yan kwanaki su fice. Mutum kimanin 25,000 suka fito, akasarinsu a ƙasa, a tsakiyar bazara, ba tare da an tanadar musu isassun motoci ko ruwa ba, wasu suka cika a hanya kafin su kai Ngigmi. Babu mai musun cewa sha'anin tsaro na iya tilasta kwashe jama'a. Ita kanta Yarjejeniyar Kampala ta yarda da haka idan ya zama dole. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a kwashe su kamar ba rayuka ba.

Ƙungiyar farar hula ta Alternative Espaces Citoyens ta bi sawu, ta saurari mutanen, ta fitar da rahoto. Ran 18 ga Mayu 2015 aka kama magatakardanta, Musa Cangari, aka tsare shi kusan kwana goma kafin a sallame shi, bayan ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam na gida da na waje sun ta da murya. An tsare mutumin, amma rahoton ya riga ya fita, magana kuwa zarar bunu ce. A watan Maris na 2018 mai bincike ta musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan 'yan gudun hijira na cikin gida, Cecilia Jimenez-Damary, ta zo Nijar bisa gayyatar gwamnati, ta ga abin da ta gani, ta ƙarfafa wa hukuma gwiwa a kammala dokar da aka fara shiryawa, ta kuma kai rahotonta gaban Majalisar Kare Hakkin Ɗan Adam da ke Janiba. Kafin shekarar ta fita majalisar dokoki ta amince da dokar ba tare da hamayya ba, aka sa mata hannu ran 10 ga Disamba 2018, doka mai lamba 2018-74. Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shigar da Yarjejeniyar Kampala cikin dokokinta na gida.

Wannan abin alfahari ne, kuma akwai darasi a cikinsa. 'Yan ƙasa ne suka tattara shaida, muryar waje ta ƙara mata nauyi, 'yan majalisar ƙasa suka zartar. Babu wanda ya ce a lokacin martabar Nijar ta zube. Yabo ma aka yi ta yi mata a tarurrukan duniya.

Ƙofar da ta rufe, da waɗanda suka rage

Ƙofa mafi kusa da talakan Nijar a da ita ce kotun CEDEAO da ke Abuja, domin ba ta sharɗanta sai mutum ya gama zagaye kotunan gida kafin ya je gare ta ba. Ta wannan ƙofa Hadijatu Mani, baiwar Allah daga jahar Tawa wadda aka sayar tana yarinya, ta shiga da taimakon ƙungiyar Timidriya da wasu lauyoyi na waje. Kotun ta zo har Yamai ta yi zama, kuma ran 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa hukumomin Nijar sun gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin ta biya. To amma Nijar ta sanar da ficewarta daga CEDEAO ran 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, kuma kowa ya san takunkumin da ƙungiyar ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 talaka da ɗan kasuwa ya fi gallaza wa, gaskiya ɗaya ce: wanda aka zalunta bayan wannan rana ya rasa kotun da Hadijatu ta samu.

Akwai sauran ƙofofi. Ta farko tana Banjul, babban birnin Gambiya, inda Hukumar Afirka ta Hakkin Ɗan Adam da Al'ummomi ke da mazauni. Nijar ta tabbatar da kundin da ya kafa hukumar tun 1986, zamanin Janar Seyni Kunce, kuma dakatarwar da Tarayyar Afirka ta yi wa ƙasar a watan Agustan 2023 ba ta goge wancan sa hannu ba. Hukumar na karɓar ƙara daga mutum ɗaya ko daga ƙungiya, tana kuma da wakili na musamman a kan masu gudun hijira tun 2004. Ta biyu tana Arusha ta Tanzaniya, kotun Afirka, wadda a 2021 Nijar ta ajiye takardar amincewa cewa ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyin da Banjul ta sani za su iya kai mata ƙara kai tsaye. Ta uku tana Janiba: kwamitin da ke kula da yarjejeniyar 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986 tare da amincewa da ƙarar mutum ɗaya, bitar da ake yi wa kowace ƙasa bi da bi, wadda Nijar ta zauna a 2011 da 2016 da 2021, ƙungiyoyin gida kuma suna da damar aika nasu rahoton, sai kuma masu bincike na musamman, waɗanda ake iya aika wa wasiƙa ba tare da an bi ta kowace kotu ba, su kuma su rubuta wa gwamnati suna neman bayani, daga baya a bayyana wasiƙar da amsarta ga duniya.

Tonon silili ne?

Akwai masu cewa kai kukan gida waje cin amanar ƙasa ne, musamman a lokacin yaƙi, kuma hukumomin nan kunnensu ya fi karkata ga manyan ƙasashe. Zargin na biyu yana da ƙamshin gaskiya, duk wanda ke bin labarin duniya ya ga inda aka yi shiru a kan manyan laifuffuka saboda mai laifin yana da ƙarfi. Amma hukumar Banjul da kotun Arusha 'yan Afirka ne suka kafa su, 'yan Afirka ke zaune a kujerunsu. Yarjejeniyar Kampala a Kampala aka amince da ita, dokar 2018 kuwa a Yamai. Wanda ya tuna wa hukuma alkawarin da ita da kanta ta ɗauka bai ci amanar kowa ba. Ƙasar da ke alfahari da 'yancin kanta ita ta fi cancanta ta cika maganarta ba tare da an matsa mata ba.

Tarihin ƙasar nan ma ya nuna cewa ɓoye ciwo bai taɓa yi wa masu mulki rana ba. Farin 1973 zuwa 1974 ya tara dubban mutane a sansanin Lazare na Yamai, kuma yadda aka yi da kayan agaji yana cikin hujjojin da sojoji suka bayar ran 15 ga Afrilu 1974. A 2005, lokacin da ƙauyukan Damagaram da Maradi ke watsewa saboda yunwa, hukuma na cewa ba yunwa ba ce, sai da Jean Ziegler, mai binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a kan hakkin samun abinci, ya zo a watan Yuli ya nemi a raba hatsi kyauta, Kofi Annan kuma ya tako har Damagaram a watan Agusta. Ba su suka kawo yunwar ba, ba su kuma suka ƙirƙiro labarinta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai kada a yaudari kowa. Hukumomin nan ba su da jandarma. Al'ummar Endorois ta Kenya, wadda aka tasa daga bakin tafkin Bogoriya a shekarun 1970, ta shigar da ƙara Banjul a 2003, ba a ba ta gaskiya ba sai 2009, kuma shekaru suka yi ta shuɗewa ba a aiwatar da akasarin hukuncin ba. Ga kuma haɗari ga mai kai ƙarar: shi Musa Cangari an sake kama shi a Yamai a watan Disamba na 2024, a 2025 kuma aka umurci ƙungiyar agaji ta CICR ta bar ƙasar. Duk wanda zai ɗauki maganar bayin Allahn nan zuwa waje wajibi ne ya fara tunanin lafiyarsu kafin sunansa, kada ya bayyana mai shaida sai da yardarsa. Abin da hukumomin ke iya bayarwa shi ne hukunci a rubuce wanda ba ya gogewa, da kunyar da kowace gwamnati ke gudu, da madogara ga ma'aikacin kirki na cikin gida da ke son yin daidai amma yana neman abin jingina.

Daga ina takarda ke fitowa?

Kundin Afirka, a sashe na 56, ya jera sharuɗɗa bakwai kafin Banjul ta saurari ƙara. Daga ciki: sai an san mai ƙarar ko da ya nemi a sakaya sunansa; kada a yi zagi ko cin mutunci; kada ƙarar ta dogara ga labaran rediyo da jaridu kaɗai; a fara bin hanyoyin shari'a na gida sai fa in sun ja lokaci fiye da kima; a kuma kai ta cikin lokacin da ya dace. Wanda ya karanta sharuɗɗan nan da idon basira zai ga cewa aikin ba na masu jirgin sama da taron otal ba ne. Aiki ne na suna da rana da wuri: wane ne, daga wane gari, yaushe ya taso, wa ya tashe shi, me ya bari, wa ya kai wa kuka, me aka amsa masa. Wannan kuwa a ofishin komin ake samunsa, da rajistar lakwal, da littafin likita, da bakin mai unguwa da mai gari, da fadar sarki.

Nan ne nauyi ya hau kan ma'aikacin gwamnati. Mai rubuta takardar haihuwa da ya sauƙaƙa wa matar da gobarar yaƙi ta cinye takardunta, darektan lakwal da ya karɓi yaro ba tare da cewa sai ya koma Boso ya kawo shaida ba, alƙalin da ya fita zaman ƙauye ya ba marasa takarda hukuncin haihuwa, duk doka suke bi, ba alfarma suke yi ba. Takardar da suka bayar yau ita ce kuma hujjar gobe. Ma'aikacin da ya karɓi koke ya buga masa hatimi da kwanan wata ya yi wa ƙasa aiki biyu: ya ba hukuma damar gyarawa a gida, in kuma an ƙi gyarawa ya bar shaida cewa an bi hanya.

'Yan kasuwa ma ba 'yan kallo ba ne. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a jahar Difa a watan Fabrairun 2015 ta hana hawan babur, ta tsayar da cinikin tattasai da na kifi na tsawon lokaci, aka rufe kasuwanni, bisa dalilin toshe hanyoyin kuɗin 'yan ta'adda. Asarar ba ta tsaya a Difa ba, ta biyo hanya har kasuwar Lahadi ta Mirriya da kasuwar Dole ta Damagaram. Dillali da mai sito da direba sun san wanda ya noma, sun san buhu nawa yake kawowa a shekara, littattafan bashinsu sun fi kowane rahoto sanin abin da mutum ya mallaka kafin ya gudu. Ranar da za a yi maganar diyya, waɗannan littattafai shaida ne. Su ne kuma masu masauki da doka ta ce a tallafa wa, domin buhun geron da aka saya don mutum goma ba ya isar ashirin.

Kada kuma wani ya ɗauka abin na mutanen gabas ne kaɗai. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, a Damagaram har tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 150 ya rushe a farkon Satumba. Magidancin da ya kwana da iyalinsa a ajin makaranta a wannan damina yana cikin mutanen da Yarjejeniyar Kampala ke nufi, ko ya sani ko bai sani ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a fassara doka mai lamba 2018-74 da Hausa da Kanuri da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, a karanta ta a gidajen rediyon karkara. An san da ita a Janiba, ya kamata a san da ita a Gidimuni.

Na biyu, kowane komin da ya karɓi baƙi ya buɗe rajista ta gaskiya, a tsare sirrinta, kada ta zama jerin waɗanda ake tuhuma. Mutumin da ya gudo daga wuta bai cancanci a dube shi da idon mai kunna ta ba.

Na uku, komawa gida ta kasance da yardar mai komawa da cikakken bayani. A watan Yunin 2021 an mayar da dubban mutane garin Barwa cikin biki, wata biyu bayan haka aka kai hari can aka kashe sojoji 16. Son gida halal ne, amma kada ran mutum ya zama hujjar cewa lafiya ta samu.

Na huɗu, hukuma ta sake gayyato mai binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da wakilin hukumar Banjul su zo su ga inda aka kwana tun 2018, ta kuma bar lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula su yi aikinsu ba tare da fargaba ba. Tunda an fita daga kotun Abuja, wajibi ne a gaya wa 'yan ƙasa ƙarara wace kotu ce za ta maye gurbinta.

Na biyar, su masu fafutika su bi tsari: koke a rubuce ga prefe da gwamna, sannan kotu, sannan Banjul ko Arusha ko Janiba, cikin harshe na ladabi da hujja mai ƙwari. Ƙarar da aka gina bisa ji-ta-ji-ta faɗuwa take yi, ta kuma ja wa masu gaskiya raini.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Alƙalan Arusha da kwamishinonin Banjul ba su san Mirriya ba, ba su san wa ya sauka a tasharta a 2015 ba, ba kuma za su sani ba sai abin da aka rubuta aka kai musu. Idan an cika dokar 2018 a gida, babu mai bukatar zuwa ko'ina, kuma wannan shi ne fatan kowane mai kishin ƙasa. Idan an ƙi, hakkin mutanen nan yana wuyan duk wanda ya riƙe alƙalami da hatimi a ranar da suka tsaya gabansa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.